Kafin Mu Je Angkor, Wa Ya Taɓa Zuwa Nok?

Zuwa ga 'yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Kafanchan da kewayenta. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare ya yi.

Kwanakin nan da wuya ka buɗe TikTok ko Facebook ba ka ci karo da bidiyon Angkor Wat ba, wannan ƙaton wurin bauta na dutse da ke ƙasar Kambodiya. Za ka ga rana tana fitowa ta bayan hasumiyoyi, ga saiwoyin bishiya sun rungume gini, ga manyan fuskoki na dutse suna murmushi. A hostal kowa sai ya ce, "In Allah ya hore mini, sai na je wurin nan." Kuma gaskiya wurin ya cancanci a yi mafarkinsa. Sarkin mutanen Khmer mai suna Suryavarman na Biyu ne ya gina shi a farkon ƙarni na 12. Yankin tsohon birnin Angkor gaba ɗaya ya kai kusan murabba'in kilomita 400, cike da kufai da tafkuna da wuraren bauta. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1992. Kafin zuwan korona baƙi sama da miliyan 2 ne ke shiga a shekara, baƙo yana biyan dala 37 don yini ɗaya, ɗan ƙasa kuma yana shiga kyauta. Har a tutar ƙasarsu hoton ginin ne.

To tambayata ita ce: a cikinmu nan, mutum nawa ne suka taɓa zuwa Nok? Dukanmu mun haddace sunan. A kwas ɗin GST mun rubuta "Nok, Ife, Benin, Igbo-Ukwu" a jere, muka ci makinmu, muka wuce. Amma da yawa daga cikinmu ba su san cewa Nok ƙauye ne mai rai ba, da mutane da gonaki da coci da makaranta, a ƙaramar hukumar Jaba, kusa da Kwoi. Daga Kafanchan tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Wasu sun yi shekara huɗu a nan, sun gama, sun koma Katsina ko Gusau, ba su taɓa leƙawa ba. Mu mun je a wannan samista, bayan an gama jarabawa, kuma abin da na gani shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Mu takwas ne muka yi karo-karo muka ɗauki shatar ƙaramar bas. Biyar Musulmi, uku Kirista. Akwai ɗan Funtuwa, akwai 'yar Zariya, akwai ɗan Kagoro, akwai ɗan Zonkwa, sai abokin ɗakina wanda ɗan Kwoi ne, shi ne ma jagoran tafiyar. Abin da kowa ya bayar bai kai kuɗin datar wata guda ba. Matsalar ba kuɗi ba ce, matsalar gida ce. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu zaman Kafanchan ɗin bai ishe ka ba, sai ka shiga ƙauyuka?" Na ce, "Umma, gidan su abokina za mu fara sauka, iyayensa sun san da zuwanmu." Ta ce in bar wayata a kunne, ta yi mini addu'a. Mutum biyu da suka sa suna sun janye a daren ƙarshe saboda an hana su daga gida. Haka shi ma ɗan Zonkwa ya ce in da tafiyar ta wajen Birnin Gwari ce ko Zamfara, da shi za a hana.

Ba na ganin laifin iyayenmu. Ga wanda yake can sama, Kudancin Kaduna suna ne da ake ji a rediyo idan an yi rikici. Kuma mu ɗalibai ya kamata mu fi kowa sanin wannan tarihin, domin rikicin watan Maris na 1987 a tsakanin ɗalibai ya faro, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da sauran garuruwa. Bayansa aka yi na Zangon Kataf a 1992, aka yi na bayan zaɓen 2011 wanda ya taɓa Kafanchan da Zonkwa. Kowane ɓangare yana da gawarsa da yake tunawa. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya yi shekaru a garin nan, iyakarsa aji, hostal, masallaci ko coci, sai tasha ranar tafiya hutu. Ƙasar da yake zaune a cikinta bai san ta ba.

Mun tashi da safe ranar Asabar. Kafin mu fita gari mun wuce ta wajen tashar jirgin ƙasa, kuma ashe labarin Nok yana da alaƙa da ita. Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Babban abin da ya ja Turawa suka kai dogo Jos shi ne kuza. Haƙar kuzar nan kuwa ita ce ta tono Nok. A hanya, lokacin kaka ne, ko'ina citta ce an fere an shanya a kan duwatsu da bakin titi, ƙamshinta har cikin mota. Abokina ya ce kuɗin makarantarsa daga cittar nan yake fitowa, kuma a 2023 da cutar citta ta cinye gonakin yankin, da ƙyar aka haɗa masa kuɗin rajista. Ya nuna mana gonakin acca da na doya, ya kuma ce mana sunan mutanensu Ham, sarkinsu Kpop Ham, kalmar Jaba kuwa suna ne da Hausawa suka sa musu. Tun daga nan muka gyara bakinmu.

Bari in faɗa muku tun yanzu don kada wani ya je ya dawo ya ce na yaudare shi: a Nok babu hasumiya, babu ganuwa, babu ginin dutse irin na Angkor. Abin da za ka gani ƙauye ne a gindin duwatsu. Mun fara zuwa gaisuwa wurin manyan gari kamar yadda ya dace, aka haɗa mu da wani dattijo da ya san wuraren. Akwai ƙaramin gidan ajiye kayan tarihi. A saman duwatsu kuma akwai koguna da sauran rumbunan laka da kakannin mutanen garin suka gina a lungunan dutse, inda suke ɓoye hatsi su fake a zamanin hare-haren kama bayi. Da dattijon ya faɗi haka, mu 'yan sama muka yi tsit, domin kowa ya san daga wane ɓangare yawancin maharan suke zuwa. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, ya ce, "Samari, ba don in ɓata muku rai na faɗa ba. Abin da ya faru ne." Rumbunan nan tarihin Ham ne, na 'yan ƙarnukan baya. Abin da ya kai sunan Nok duniya ya girme su nesa ba kusa ba.

Ga yadda aka yi. A 1928 masu haƙar kuza a nan Nok suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Baturen da ke da wurin haƙar, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya damu da shi. Wajen 1943 kuma, a wani wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, wato nan bakin ƙofarmu, aka sake tono wani kai mai kyan gaske. Akawun wurin ya ɗauka ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi, ya yi kusan shekara yana gadin gona. Daga baya aka kai wa wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tonon kayan tarihi, Bernard Fagg. Da ya haɗa shi da na 1928 sai ya ga ai hannu iri ɗaya ne. Ya bi wuraren haƙar kuza yana roƙon leburori su daina fasa irin waɗannan abubuwa, su riƙa ajiye masa. Shi ya raɗa wa al'adar sunan Nok, saboda a nan aka fara samu, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Kan da ya yi gadin doya yau a littattafan duniya ana kiransa Kan Jama'a.

Idan ka tsaya gaban ɗaya daga cikin kawunan nan, hoton da ke cikin littafin sakandare zai zama wasa. Ido yana da siffar kusurwa uku, ƙwayar idon kuma rami ce, haka hanci da baki da kunne duk a huje. Cikinsu fanko ne, domin ba sassaƙa su aka yi daga dunƙulen laka ba, gina su aka yi sahu-sahu kamar yadda iyayenmu mata ke gina tukunya, sannan aka gasa. Wasu kawunan sun kusa girman kan mutum, wanda ke nufin cikakken jikin ya haura mita guda. Ɗan ajinmu da mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce ya ce gasa abu mai girman nan ba tare da ya fashe ba sai gwani na gaske. Ga kitso iri-iri, ga tukkaye, ga duwatsun wuya da na hannu da na ƙugu jibge. 'Yar Zariya da ke cikinmu ta daɗe tana kallon wani hoto, ta ce, "Wallahi wannan kitson ana yin irinsa har yanzu." Akwai ma waɗanda aka ƙera da alamun ciwo a jiki, kamar tundurmi da shanyewar fuska. Wanda ya yi su ya kalli mutanen garinsu da kyau.

Yanzu ku dubi shekaru. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya da masana daga jami'o'inmu, suka yi shekaru suna tono a yankin Janjala da ke ƙaramar hukumar Kagarko. Gwajinsu ya nuna al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fara ƙera mutum-mutumin wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, sannan ta ɓace a daidai zamaninsa. Angkor Wat bai wuce shekara 900 da ginawa ba. Littafin Tarihin Kano ya sa sarautar Bagauda a 999. Wato lokacin da ake aza dutsen farko a Angkor, kawunan Nok sun riga sun yi sama da shekara dubu a binne, kuma na farkonsu sun kai wajen shekara dubu biyu.

Abin da ya fi taɓa ni ba mutum-mutumin ba ne, abincinsu ne. A cikin ƙonannun tsaba da aka tace daga ƙasar wuraren, an sami gero da wake. Gero fa, wanda muke fura da kunu da shi. A 2021 aka wallafa wani bincike da ya gano sauran kakin zuma a jikin tukwanensu, wanda ya nuna tun shekara 3,500 da suka wuce suna ɗiban zuma. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono murahun narka ƙarfe a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,000, suna cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma. Manoma ne, maƙera ne, magina tukwane ne. In da za ka faɗa gidansu da yamma, abin da ke kan wuta ba zai zama baƙo a wurinka ba.

Da azahar muka koma Kwoi gidan su abokina. Mahaifiyarsa ta yi tuwon acca, ta kuma gaya mana tun kafin mu tambaya cewa naman daga wurin mahaucin Bahaushe ta sa aka sayo. Ta sa ƙanensa ya kawo mana buta da tabarma ya nuna mana gabas. A kan tabarmar nan bayan cin abinci aka yi muhawarar da na san tana zuciyar da yawa daga masu karanta wannan. Ɗan Funtuwa ya ce, "Ni fa gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Waɗannan ai gumaka ne. Me ya kai mu yawon ganin gumaka?" Abin mamaki, wadda ta fara goya masa baya Kirista ce. Ta ce a cocinsu ma akwai masu ganin duk wani abu na gargajiya aikin duhu ne, kuma ta san gidajen da aka ƙona kayan kakanni bayan an karɓi addini. A kan wannan dai, masallaci da coci sun haɗu.

Ni ga yadda nake kallon abin, kuma wanda ya fi ni sani ya gyara mini. Ba mu je don mu rusuna wa komai ba, ba mu roƙi komai ba, ba mu yanka komai ba. Mun je ne mu ga abin da mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan suka bari. Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da yin tafiya a bayan ƙasa don a ga ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe a ɗauki darasi. Misira ƙasar Azhar ce, kuma dalar Fir'auna tana nan a gefen Alƙahira, Musulmi ne ke gadinta, su ke karantar da tarihinta a jami'a, ba wanda ya ce sun bar addini. Shi kansa Angkor Wat an gina shi ne don bautar Hindu, daga baya mutanen ƙasar suka koma addinin Buddha, ba su rushe shi ba. Akwai bambanci tsakanin bauta wa abu da sanin abu. Wanda ke karatun likita yana nazarin ƙwayar cuta, ba sonta yake ba. Ɗan Funtuwa ya ce ya ji, amma shi ba zai ajiye hoton a wayarsa ba. Muka ce wannan haƙƙinsa ne. Ba mu tashi da ra'ayi ɗaya ba, amma mun tashi lafiya, kuma wannan ce hira mafi tsawo da na taɓa gani tsakanin Musulmi da Kirista kan addini a wajen aji ba tare da wani ya tashi cikin fushi ba.

Sai dai yayin da muke gardamar ko ya halatta a kalla, wasu sun daɗe da kwashewa. Dattijon da ya zaga da mu ya ce a shekarun 1990 akwai lokacin da samari suka bar noma suka koma tono. Dillalai na zuwa da kuɗi, a nuna musu daji, a yi ta haƙa ramuka. Abin da ya fito da kyau a sa a buhu, abin da ya fashe a watsar. Ya ce, "'Ya'yana, kuɗin sun ƙare tuntuni, ramukan ne suka rage." Kuma kada 'yan sama su ɗauka wannan matsalar Kudancin Kaduna ce kaɗai. An yi irin wannan tonon a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara, kuma a kasuwar kayan tarihi ta Turai akwai mutum-mutumin yumɓu da ake kira samfurin Sakkwato da samfurin Katsina. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su duka tare da na Nok a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. A wannan shekarar ce aka baje wasu na Nok a gidan tarihi na Louvre a Faris, waɗanda Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam. Da surutu ya yi yawa, a 2002 aka yi yarjejeniya: Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Dokarmu ta 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba da izini ba, amma doka a takarda ba ta rufe rami.

Wani zai ce, to ai ko an kai Faris yana nan, bai ɓace ba. A nan ne kuskuren yake. Mai binciken tarihi ba kan kaɗai yake nema ba. Yana son ya san a wane zurfi aka same shi, me ke gefensa, akwai gawayi da za a gwada a san shekaru, akwai tsaba, akwai tukunya. Masu binciken Jamus sun lura cewa yawancin mutum-mutumin a fashe aka binne su, da gangan, a cikin ramuka, wasu kusa da jerin duwatsu da ake kyautata zaton kaburbura ne. Wannan bayanin daga yanayin ƙasar aka samo shi, ba daga fuskar mutum-mutumin ba. Mai tono don sayarwa yana lalata wannan duka cikin awa guda, kuma ba ya gyaruwa har abada. Kamar a yage shafi ɗaya mai hoto daga littafi ne a ƙona sauran. Mafi yawan wuraren da masu binciken suka isa sun tarar an riga an yi musu haka.

Kambodiya ma ta sha wannan, har fiye da mu. A shekarun yaƙi da mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 da abin da ya biyo baya, an yi ta sare mutum-mutumi daga ƙafa ana fitarwa ta Tailan. Bambancin shi ne sun bi sawu. A 2013 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya mayar musu da biyu da aka sace daga Koh Ker. A 2019 Amurka ta tuhumi babban dillalin kayansu, Douglas Latchford, bayan mutuwarsa kuma iyalinsa suka amince su mayar da abin da ya tara. Sun iya yin haka ne domin talakan ƙasar yana ganin kayan nasa ne, har wasu tsofaffin ɓarayin suka fito suka nuna inda suka ɗauko. Mu kuwa wa zai bi sawun abin da rabinmu ke kira gunki, sauran rabin kuma ba su san inda yake ba?

Ga kuma rashin tsaro. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a wurin tono a yankin Janjala. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma mutanen gari biyu da suka bi sawu don ceto su sun rasa rayukansu. Wannan shi ya kawo ƙarshen tonon da tawagar ke yi a dajin. Idan ana lissafin abin da garkuwa da mutane ta jawo mana, ana maganar gonaki da makarantu da hanyoyi. A ƙara da wannan: binciken tarihinmu mafi daɗewa ya tsaya cak.

A hanyar dawowa aka taso da maganar ƙarshe: Nok ta wace ce? Ɗan Kwoi ya ce tasu ce, sunan ƙauyensu ne. Ɗan Kagoro ya ce ai Kan Jama'a ya fi kusa da su. Ɗan Funtuwa, wanda ɗazu ba ya son kallo, ya ce to ai gero suke ci, don haka 'yan uwansa ne, aka yi dariya. Gaskiyar ita ce wuraren da aka samu kayan Nok sun bazu daga Kudancin Kaduna zuwa Filato da Nasarawa da Abuja da Neja, kuma masana ba su danganta su kai tsaye da wata ƙabila guda ta yau ba. Mutanen Ham su ne masu masaukin sunan, su ke zaune a wurin, su ya kamata su fara cin amfaninsa. Amma waɗanda suka ƙera abubuwan nan sun rayu kafin a san kalmar Hausa ko Ham ko Atyap ko Bajju ko Fulani, kafin masallaci na farko da coci na farko a ƙasar nan. Ban ce wannan zai warware rikicin gona ko na sarauta ba, waɗancan suna buƙatar adalci, ba yawon buɗe ido ba. Abin da na ce shi ne a jihar da kusan komai an raba shi biyu, unguwa da kasuwa da zaɓen ƙungiyar ɗalibai, ga abu ɗaya da ba wanda zai iya cewa na wancan ɓangaren ne. Irin wannan ba shi da yawa a wurinmu, bai kamata mu bar shi ga dillalai ba.

Ga masu son zuwa, ga 'yar shawara. Ku tafi a ƙungiya, ku gauraya, kuma ku sami ɗan yankin a cikinku. Ku tambayi halin hanya kwana ɗaya kafin tafiya, ku fita da sassafe, ku dawo kafin magariba. Ku fara da gaisuwa wurin manyan gari, kada ku hau dutse ba jagora, kuma ku sallami jagoran da abin kirki. Ku sa takalmin da zai iya hawan dutse, ku riƙe ruwa. Kada ku ɗauki hoton mutum ba izini. Idan kuka ga katangar tukunya a ƙasa ku bar ta inda take, idan wani ya ja ku gefe ya ce yana da na sayarwa ku ce a'a. Wanda bai sami zuwa Nok ba ya shiga gidan tarihi na Kaduna ko na Jos, akwai kayan a can. Masu son abin ya zama sana'a kuma, akwai sashen wannan ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Waɗanda ba a Kafanchan suke karatu ba, ku ma kuna da naku. 'Yan Zariya ga Kufena da Turunku. 'Yan Kano ga Dala da Gidan Makama. 'Yan Katsina ga Gobarau da Durɓi ta Kusheyi. 'Yan Sakkwato ga kufan Surame, birnin Kanta na Kabi. 'Yan Adamawa ga Sukur, wanda UNESCO ta amince da shi tun 1999. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi, kuɗin da ake kashewa a liyafar ƙarshen shekara guda ɗaya ya isa ya ɗauki bas biyu.

Mu dai mun sa ranar komawa a samista mai zuwa, wannan karon har da dutsen Kagoro da ruwan Matsirga in lokaci ya ba mu. Wanda yake so a sa sunansa ya yi mini magana, amma ya fara neman izinin gida. Allah ya ba mu zaman lafiya a Kaduna da Arewa baki ɗaya, ya ba mu sa'ar sakamakon jarabawa.